Kafin Ki Ƙona Tsofaffin Wasiƙun Gida, Ki Dubi Kan Sarkin Da Ke Jikinsu

Bayan sadakar arba'in ɗin mahaifinmu, mu 'ya'yansa mata muka taru a ɗakinsa domin mu kintsa kayan da ya bari. A ƙarƙashin gado muka jawo wani akwatin ƙarfe da tun muna yara ba wanda ke taɓa shi. Ba kuɗi a ciki, ba zinariya. Wasiƙu ne ɗauri-ɗauri, da rasiɗai, da takardun haraji, da wasu hotuna da suka koma ruwan ƙasa. Baba ya yi akawu a wajen masu sayen gyaɗa a Kano tun kafin a samu mulkin kai, kuma mutum ne da ba ya yar da takarda.

Yaya ta ce a ƙona su, tunda yawancinsu da Bismillah suka fara, kada su faɗa hannun yara a wulaƙanta sunan Allah. Maganarta gaskiya ce, amma na roƙi a bar ni in tafi da su in karanta tukuna. Kwana biyu da kai akwatin gida, na fito daga kicin na tarar da 'yata mai shekara goma sha ɗaya zaune a tsakar ɗaki, ta ɓamɓare kan sarki ya fi ashirin daga jikin ambulan, ta jera su a kan faranti gwanin sha'awa. Wasu sun yage. Wasu bayansu ya saluɓe ya zauna a jikin ambulan ɗin. Da murnarta ta ce, "Umma, kin ga wani da dawakai?"

Ban yi mata faɗa ba, don ni ma a ranar ban san an yi ɓarna ba. Sai da na kai su wajen wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya yi aikin gidan waya har ya yi ritaya, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai. Abin da na koya a wajensa, da wanda na karanta daga baya, shi nake so in raba da ke, uwargida, domin irin wannan akwatin yana nan a gidaje da yawa.

Me ya sa muke cewa kan sarki?

Yaranmu na yanzu da yawa ba su taɓa aika wasiƙa ba. Kan sarki shi ne 'yar takardar nan da ake saye a gidan waya a manna a jikin ambulan, shaidar an biya kuɗin aike. An fara shi a Ingila a watan Mayun 1840, baƙi ne, na kwabo ɗaya, ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya. Da Turawa suka kawo shi ƙasarmu, hoton kan mai mulkin Ingila ne a jiki, sai Bahaushe ya raɗa masa suna da abin da idonsa ya gani. Sunan ya zauna har yau, ko da hoton giwa ne ko na gada.

Ga abin da zai ba ki mamaki. Wancan na farko a duniya, duk da tsufansa, ba shi cikin masu tsananin tsada, domin an buga fiye da miliyan 68. Tsufa kaɗai ba ya sa kan sarki daraja. Ƙarancinsa ne ke sa shi, da lafiyar jikinsa, da kuma wani ɗan bambanci da ke raba shi da dubban 'yan uwansa. Wannan bambancin kuwa sau da yawa bai kai ƙwayar gero ba.

Yara biyu da akwatin tsofaffi

Biyu daga cikin kan sarkin da suka fi tsada a duniya, yara ne suka tsinto su a cikin takardun gida. A 1873, a ƙasar da yanzu ake kira Gayana a Kudancin Amurka, wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Vernon Vaughan yana bincika wasiƙun kawunsa ya ga wani kan sarki na 1856, ja mai duhu, duk ya yi dauɗa, an yanke kusurwoyinsa. Ya sayar da shi sule shida. Har yau ba a ga na biyunsa ba. A 2014 an yi gwanjonsa a kan dala miliyan 9.48, a 2021 aka sake sayar da shi dala miliyan 8.3.

Na biyun a Suwidin ne. A 1886 wani ɗan makaranta ya samo shi a cikin tsofaffin wasiƙu a gidan kakarsa. Kan sarki ne na 1855 wanda ya kamata a buga shi kore mai ratsin shuɗi, sai ya fito rawaya, launin wani kan sarkin daban da ya fi shi kuɗi. Shi ma guda ɗaya tak aka sani. A 1996 ya haura dala miliyan biyu.

Akwai kuma na Amurka na 1918, mai hoton jirgin sama. Sau biyu ake sa takardar a inji, ja daban, shuɗi daban. Aka juya falle ɗaya bisa kuskure, jirgin ya fito ƙafafunsa a sama. Wani mutum, William Robey, ya sayi fallen mai ɗauke da guda 100 a gidan waya a Washinton a kan dala 24, cikin mako guda ya sayar dala 15,000. A 2023 guda ɗaya daga cikinsu ya kai dala miliyan biyu.

Na kawo waɗannan ne don ki san abin ba tatsuniya ba ne. Amma bari in yi miki gaskiya tun yanzu: da wuya ƙwarai irin wannan ya fito daga akwatin gidanku, kamar yadda bai fito daga namu ba. Yawancin abin da za ki samu an buga shi miliyoyi, kuɗinsa ba zai sayi kati ba. Sai dai a cikin ɗari akan sami ɗaya ko biyu da suka cancanci a tsaya a kansu, kuma gane su ba ya buƙatar digiri.

Namu na gida

Fara da karanta sunan ƙasar da ke jiki. Idan kika ga an rubuta NORTHERN NIGERIA, to kin riƙe abin da ya haura shekara ɗari. Arewa ta yi nata kan sarkin daga 1900, da kan Sarauniya Biktoriya, sai na Sarki Edwad na Bakwai daga 1902, sai na Sarki Joji na Biyar a 1912. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka koma rubuta NIGERIA kawai. A wancan zamanin masu aika wasiƙa ta gidan waya kaɗan ne, don haka ambulan mai hatimin Zungeru ko Lakwaja ko Zariya na waɗannan shekarun abin nema ne a wajen masu tarawa. A cikinsu akwai gagarabadau, na fam 25 da aka fitar a 1904, kore da ja. Ba wasiƙar da za ta ci wannan kuɗin a lokacin. Don biyan kuɗin lasisi aka yi shi. Yana cikin mafiya wuyar samu a duk kan sarkin ƙasashen da Ingila ta mallaka.

Wanda 'yata ta gani da dawakai, na kwabo ne na jerin 1953, mai hoton mahayan Barno. A jerin nan akwai na ahu mai gyaɗa, na kwabo biyu mai haƙar kuza, na taro mai gadar Jabba, na sule goma mai fatu da ƙiraga. Masu shekaru za su tuna waɗannan sunayen kuɗi: dari, kwabo, ahu, taro, sisi, nai, sule. A jikin kan sarkin, harafin d shi ne kwabo, don haka 3d taro ne, 6d sisi, 1/- kuma sule. Wannan kaɗai ya isa ki raba su gida biyu: duk mai k ko alamar naira daga 1973 ne zuwa sama.

A 1959, da Jihar Arewa ta sami mulkin kanta, an fitar da guda biyu, ɗaya da hoton zauren majalisa na Lugard Hall a Kaduna, ɗaya da babban masallacin Kano. Na sami na masallacin a kan wata wasiƙa da ƙanin Baba ya aiko masa. Ba shi da wani kuɗi, amma na daɗe ina kallonsa.

Kada ki tsaya a na Najeriya. Iyayenmu matafiya ne. Wasiƙar da ta zo daga Kumasi kafin 1957 za ki ga GOLD COAST a jiki. Ta Damagaram za ta iya zuwa da na zamanin Faransa. Na farkon Nijar a 1921 ma ɗaukar na wata ƙasar aka yi, mai hoton mahayin raƙumi, aka buga TERRITOIRE DU NIGER a kai. Waɗanda suka bi ta ƙasa zuwa aikin hajji suka yada zango a Sudan, wasiƙunsu kan zo da shahararren kan sarkin nan na ma'aikacin gidan waya a kan raƙumi, wanda aka fara tun 1898 aka yi ta maimaita zanensa shekara da shekaru.

Biyu masu kama ɗaya, amma ba ɗaya ba

Nan ne dattijon nan ya zaunar da ni. Ya ɗauko guda biyu daga nasa, duka na Sarki Joji na Biyar, launi ɗaya, kuɗi ɗaya. Ya ce, "'Yata, mene ne bambancinsu?" Na duba har idona ya yi ruwa, ban ga komai ba. Sai ya ce in buɗe kyamarar wayata in jawo hoton kusa.

Ashe sassaƙen da aka yi amfani da shi wajen buga su iri biyu ne. A gefe da gefen kan Sarkin akwai wasu dogayen gidaje masu ɗauke da kalmomin POSTAGE da & REVENUE. A sassaƙen farko, kusurwar sama ta ciki ta waɗannan gidajen a tsaye take cak, kamar kusurwar akwati. A na biyu an lanƙwasa ta. Haka kuma a adon da ke kusurwoyin ƙasa, na farko yana da wani ɗan tsiro kamar toho, na biyu babu. Da ya nuna mini sau ɗaya, sai na riƙa ganinsa ko'ina. Kamar gane atamfa ta asali ne da ta kwaikwayo; mai ido ya san inda zai duba.

Abu na biyu shi ne alamar da ke ɓoye cikin takardar. Kin san yadda ake ɗaga takardar naira sama a ga wani hoto a cikinta? Kan sarki ma haka yake. Na Arewa na farko-farko suna da kambin sarauta guda ɗaya da haruffan CA a ƙarƙashinsa. Daga wajen 1904 aka koma takarda mai ƙananan kambuna da CA birjik, sun cika ko'ina. A 1921 aka sake, haruffan suka koma irin rubutun hannu mai lanƙwasa. Ko da hoton gaba iri ɗaya ne, idan alamar ta bambanta, a wajen mai tarawa kan sarki ne daban-daban, kuma kuɗinsu na iya yin nisa da juna. Idan ma'aikacin maɗaba'a ya sa takardar a juye, alamar takan fito kai ƙasa, wannan ma abin nema ne.

Yadda za ki gani a gida: ki kifa kan sarkin a kan wani abu baƙi mai santsi, ki haska fitilar waya daga gefe, ba daga sama ba. Sau da yawa alamar za ta bayyana. Masu sana'ar suna da wani ruwa na musamman da suke ɗigawa, kuma za ki ji wasu na cewa a sa fetur. Kada ki soma, balle a gidan da ke da yara da risho. Wanda kuma yake manne a ambulan, ki haƙura da ganin alamarsa.

Na uku, haƙoran gefe. 'Yan hujin nan da ake yi don a sami sauƙin yagewa, lissafi gare su: ana ƙirga nawa ne a cikin santimita biyu. Na Arewa 14 ne. Amma a zamanin Sarki Joji na Shida, daga 1938, an yi ta sake bugu, har na sule biyu da sisi da na sule biyar suka fito da haƙora iri daban-daban. Ba sai kin sayi ma'auni ba. Rular 'yan makaranta ta isa, ko ki jera biyu gefe da gefe. Idan haƙoran sun dace daga farko har ƙarshe iri ɗaya ne, idan suka fara saɓawa a tsakiya to kin sami iri biyu. A wannan jerin dai, launi ma magana ne. Na kwabo huɗu ya fara fitowa ruwan lemo a 1938, aka mayar da shi shuɗi a 1944. Shuɗin ko'ina akwai shi. Ruwan lemon, musamman wanda ba a yi amfani da shi ba, ya fi shi daraja nesa ba kusa ba.

Na huɗu ya fi sauƙi, kuma ya shafi waɗanda suka fi yawa a gidajenmu. Jerin namun daji na 1965, mai zaki da giwa da damisa da aku da gauraka da raƙumin dawa da dorina da ɓauna, a Turai aka fara buga shi. Daga 1969 aka riƙa buga wasunsu a Legas, aka ƙara sunan maɗaba'ar da ƙananan haruffa a can ƙasa, masu farawa da N.S.P. Ki duba gindin kowanne. Haka jerin 1973, wanda ke da dajin Yankari a na kwabo 10 da bikin kamun kifi na Argungu a na kwabo 30, an buga shi ta hanyoyi biyu. Idan kika jawo hoton da kyau, a wani za ki ga gefen haruffa yana da tsaga-tsaga kamar bakin zarto, domin da ɗige-ɗige aka gina shi. A wani kuwa gefen sumul yake. Daga 1975 kuma aka fara sa masa alamar ɓoye mai kalmar NIGERIA.

Tabon da ke maimaita kansa

Akwai wani nau'in da ya fi ba ni sha'awa. Farantin ƙarfen da ake bugu da shi yakan sami ƙwarzane ko ɗan rami a wuri ɗaya. Daga ranar, duk fallen da ya fito daga wannan farantin, kan sarkin da ke wannan gurbin zai fito da tabon, sauran kuma lafiya lau. Ke nan a kowane falle guda ɗaya ne mai shi.

Shahararren misali shi ne na 1935, lokacin da Sarki Joji na Biyar ya cika shekara 25 a kan gado. An yi wa ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila zane iri ɗaya, da fadar Winsa a jiki, har da Najeriya. A waɗanda aka buga wa Gambiya da Saliyo da Gold Coast, wani ƙwarzane ya fito a saman ginin tamkar an kafa ƙarin sandar tuta. Wannan ɗan layin, da ba ya kai tsawon ƙwayar shinkafa, yana ninka kuɗin kan sarkin sau da yawa. 'Yan uwa na Ghana, ku duba da kyau. Shi kansa Sarkin ma mai tara kan sarki ne na gaske. A 1904, tun yana yarima, ya sayi guda ɗaya na tsibirin Morishus a kan fam 1,450.

Sharaɗin irin wannan tabon shi ne a same shi a wuri ɗaya a kan wasu kwafin, har masana su rubuta shi a kundinsu. Ɗigon tawada da ya faɗo sau ɗaya, ko kashin ƙuda, ba ya cikin lissafi.

Kuskuren maɗaba'a ko aikin rana da damina?

A nan mutane suka fi yaudarar kansu, ni ma na faɗa. Na sami wani na namun daji da launinsa ya bambanta da sauran, jan da ke jiki ya ɓace. Zuciyata ta buga, na ce shi ke nan, an manta launi ɗaya. Dattijon ya karɓa ya duba, ya yi dariya, ya ce wannan ya sha rana ne. Ja da rawaya su ne rana ta fi saurin cinyewa. Idan da gaske injin ne ya tsallake launi, sauran launukan za su kasance garau, takardar fara tas, wurin da launin ya kamata ya zauna ba ko burbushinsa. Idan kuwa komai ya koɗe, takardar ta yi ruwan ƙasa, to ajiya ce ta yi aikinta. Haka ruwan lemo na da yakan rikiɗe ya yi duhu saboda iska, ba wani sabon launi ba ne.

Wanda ba shi da haƙora ma a yi hattara. Almakashi na iya mayar da kowane kan sarki marar haƙora cikin daƙiƙa biyu. Shi ya sa masu saye ba sa yarda sai sun ga biyu a haɗe, ba huji a tsakaninsu. Ƙarin rubutun da ake bugawa a kai shi ma an fi yin jabunsa, domin ya fi sauƙin kwaikwayo. Na zamanin yaƙin basasa, da aka buga sunan Biyafara a kan jerin namun daji a 1968, sai an tantance kafin a yarda.

Sannan kan sarkin Najeriya na shekarun baya-bayan nan, masu launi a karkace ko huji a tsakiyar hoto, suna da yawa a kasuwa har sun daina ba kowa mamaki. An kuma yi jabu don a cuci gidan waya, masu dishi-dishin hoto da haƙora barkatai. Akwai masu tara su don tarihi, amma ba su ne za su kai ki Makka ba.

Abin da bai kamata ki yi ba

Kada ki ɓamɓare shi daga ambulan. Wannan ne babban darasin da 'yata ta koya mana. Kan sarki a kan ambulan ɗinsa, da hatimin garin da ya fito da kwanan wata, yakan fi wanda aka cire daraja, wani lokaci ninki da yawa. Hatimin ƙaramin gari da gidan wayarsa ya daɗe da rufewa yana iya fin kan sarkin kansa. Wanda kuma bayansa ya saluɓe ko haƙorinsa ya gutsure, ya riga ya faɗi.

Kada ki jiƙa na da a ruwa. Da gangan aka buga na zamanin Biktoriya da Edwad da tawada mai zuba, musamman kore da ruwan hoda mai duhu, don kada wani ya wanke hatimi ya sake amfani da shi. Yana shiga ruwa zai koɗe.

Kada ki kai a yi masa laminatin. Mun saba da yi wa takardun makaranta, amma kan sarkin da aka rufe da roba mai zafi ya mutu. Haka salatif da gam. Kada ki ajiye a leda, domin tana gumi da damina, ƙaron bayansu ya narke su manne da juna. Ambulan na takarda ya fi, a cikin akwati mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, nesa da hayaƙin turaren wuta. Ki ɗauka da busasshen hannu marar mai. Masu sana'ar da hantsaki mai faɗin baki suke ɗauka. Irin mai tsinin nan huda shi zai yi.

Wannan kuma ki riƙe shi da kyau: ba a jikin wasiƙa kaɗai ake samun kan sarki ba. A da, har ma yanzu, akan manna shi a takardar cinikin gida ko gona ko rasiɗin kuɗi, a sa hannu a kansa. A akwatin Baba, takardar sayen gidan da muka tashi a ciki tana ɗauke da guda biyu na Sarki Joji na Shida, da sa hannun mai sayarwa ya ratsa ta kansu. Allah ya taimake mu tana can ƙasa, hannun yarinyar bai kai gare ta ba. Da ta cire su, da rabin sa hannun ya tafi, a daidai lokacin da ake shirin rabon gado. Wanda aka soke da alƙalami irin wannan ba shi da wani kuɗi a wajen masu tarawa, amma a jikin takardarsa yana iya zama shaidar da za ta tsaya muku a gaban alƙali. Ki ware irin waɗannan tun farko ki kulle.

Idan kin ga kamar kin dace

Ki ɗauki hotonsa gaba da baya da rana, ba da filasha ba. Masu tara na ƙasashenmu da kundin Stanley Gibbons suke aiki, wanda ya jera kowane iri da lambarsa da ƙiyasin kuɗinsa. Ki sani kuɗin kundi na lafiyayye ne sumul, kuma ɗan kasuwa ba zai biya ki ko kusa da shi ba. Akwai ƙungiyar masu nazarin kan sarkin Afirka ta Yamma, West Africa Study Circle, mai fitar da mujallar Cameo, kuma abu mai tsada sosai sai ya sami takardar shaida daga masana irin na Royal Philatelic Society da ke Landan kafin manyan masu gwanjo su karɓa. A gida, ki fara da tambaya a babban gidan waya na jiharku ko tsofaffin ma'aikatansa.

Ki yi hankali da 'yan damfara. Kin tuna jita-jitar da aka yi ta yaɗawa a kan tsohon keken ɗinki da dutsen guga, wai akwai wani sinadari a ciki na miliyoyi? Irin mutanen nan suna nan a Facebook da WhatsApp. Duk wanda ya ce kan sarkinki ya kai miliyan hamsin amma sai kin tura kuɗin rajista ko na tantancewa, ki rufe shi. Kada ki aika wa baƙo ainihin abin. In za ki sa hoto a intanet, ko a nan ƙasa wajen sharhi, ki rufe suna da adireshin da ke jikin ambulan.

Kuma idan akwatin na mamaci ne, kayan ciki na magada ne gaba ɗaya. Kafin ki sayar da ko guda ɗaya, ki sanar da 'yan uwa. Ni da na gama dubawa, na kira Yaya na faɗa mata abin da na samu: ambulan uku da dattijon ya ce a adana da kyau, ɗaya mai hatimin wani ƙaramin gari a kan hanyar jirgin ƙasa ta Nguru, da na kwabo huɗu ruwan lemo guda ɗaya, wanda aka yi amfani da shi. Duka ba za su sayi buhun shinkafa ba. Muka yi shawara aka bar su a hannuna, takardar gidan kuma aka miƙa wa babban wanmu.

Ashirin ɗin da aka ɓamɓare na bar wa mai aikin. Na saya mata ƙaramin littafi mai aljihuna, ta jera su bisa shekaru, ta rubuta sunan kowane kuɗi da Hausa a ƙarƙashi. Makon jiya ta zo tana tambayata wane ne ya rubuto wasiƙar da ke da raƙumi, kuma me ya kai shi Sudan. Ban sani ba, don haka ranar Asabar za mu je wajen Goggo, ita kaɗai ta rage a cikinsu.